Amaryar Gindin Bango

Ranar da aka kai ni ɗakin miji, Goggo ce ta yi magana da yawun danginmu. Ta kama hannuna ta danƙa wa uwar mijina, ta ce, "Hajiya, ga amana mun kawo. Yarinya ce, a yi haƙuri da ita. In ta yi ba daidai ba, a nuna mata." Babu gidan bikin da ba a faɗin wannan magana, har ta zama kamar sallama, kunne ya ji ta wuce. Ni ma ban san nauyinta ba sai bayan shekaru, a wata ƙasa, ina durƙushe a gindin bangon jan bulo, ina duban wata shuka da na sayo da kuɗina, na yi mata duk abin da nake ganin gata ne, ita kuwa ta ƙi ni.

Kilematis ake ce mata. Mai yaɗo ce, kamar yadda soso ko duma ke hawa danga a gida, sai dai ita ba don 'ya'ya ake shuka ta ba, don fure ne kawai. A Ingila, inda aure ya kawo ni, da wuya ka bi layin gidaje tsakanin Mayu da Agusta ba ka gan ta ba, ta haye shingen katako ko ta lulluɓe bakin ƙofa. Wata fara fat, wata ruwan hoda, wata shunayya mai duhu kamar yanzu aka tsamo ta daga marina. Furen wata bai fi kwabo ba, na wata ya kai bakin ƙaramin kwano. Danginta na daji sun kai iri 300, ban da dubban da masu lambu suka haɗa da hannunsu.

Ta farko da na saya 'Nelly Moser' ce, tsohon iri da aka fitar a garin Versailles na Faransa a 1897, mai fure fari-fari da ratsin ruwan hoda. A shagon sayar da shuke-shuke na same ta, cikin tukunyar roba, an ɗaure ta a jikin sanduna uku, furanni sun buɗe. Haka amarya take ranar buɗar kai, ta sha lalle da turare, kowa na cewa tubarkalla. Wannan kwalliyar kuwa ba ta gaya wa kowa irin zaman da za a yi. A ɗakin gilashi aka rene ta, ana ba ta ruwa da taki a kan ƙa'ida, an shirya ta ne don ranar kasuwa. Mako biyu furen ya kakkaɓe. Aka bar ni da kara ɗaya siriri kamar tsinken tsintsiya, da 'yan ganye.

Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta haura saba'in, ita ta leƙo ta kan shinge ta ga inda na dasa ta. Ba ta ce na yi kuskure ba. Ta dai ce in tura yatsa cikin ƙasar wurin, ga shi an kwana ana ruwa. Na tura, na ji ta bushe ƙamas. Ashe a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa, babu wurin da ya kai gindin bango ƙishi. Bakin rufi ya tare ruwan, bulo kuma yana tsotse ɗan abin da ya sauka. Shi ya sa ake ja da baya kamar santimita 30 zuwa 45 daga bango kafin a haƙa rami, sannan a jingina sanda ta kai yaɗon inda ake so ya hau.

A gida ba a kawo amarya sannan a fara neman inda za a sa gado. Tun kafin ranar an yi shafe, an yi fenti, 'yan jere sun zo sun tafi. Kilematis ma ɗakinta ake fara gyarawa: rami mai faɗi, ninki biyu na tukunyar, a sassauta ƙasar, a cuɗa da ruɓaɓɓen taki, a tsoma tukunyar a bokitin ruwa ta sha ta ƙoshi kafin a zare ta. Sai kuma wani abu da ya saɓa wa duk abin da na sani game da dashe. Masu manyan furanni ana nitsar da su fiye da yadda suke a tukunya, da kamar santimita 5 zuwa 8, har a binne gaɓa ɗaya ko biyu na karan. Na ce ai ruɓewa za ta yi. Dattijuwar ta ce in yi dai, akwai ranar da zan gode. Na tone ta na sake mata wuri kamar yadda ta ce.

Halinta shi ne tana son haske a sama, amma gindinta sanyi da laima yake so. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da randa ya san wannan ba sai an koya masa ba. Ba a girke randa a tsakar rana. Inuwa ake nema mata, a zuba yashi a ƙarƙashinta, a riƙa jiƙa shi. Haka za ka ɗauki saiwar kilematis, don asalinta 'yar bakin kurmi ce, saiwa na kwance ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a inuwar wasu itatuwa, yaɗon ya bi rassansu ya fita neman rana. Sai a rufe gindin da ɓawon itace ko takin ganye, kauri kamar yatsa uku, ba tare da ya taɓa karan ba, ko a dasa wata gajeruwar shuka a gabanta ta yi mata laima. Wasu fasasshen tayil suke kifawa. Ni na daina, don dodon koɗi ya mai da ƙarƙashinsa masauki. Ita ranar ma ba kowacce ke son ta zube mata duka ba. 'Nelly Moser' in ta sha rana tsaka sai ratsinta ya koɗe, kamar atamfar da aka manta a kan igiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai game da ita shi ne yadda take riƙo. Duma yana da 'yan zaruruwa da yake jefawa su naɗe abin da suka samu. Doya ita da kanta take kewaye sandarta. Kilematis ba ta yin ko ɗaya. Da wuyan ganye take kamawa, ɗan siririn nan da ya haɗa ganye da kara, shi ke lanƙwashewa ya zagaye abu. Hannun jariri ke nan. Miƙa masa yatsa, ya damƙe gam. Miƙa masa taɓarya, ba yadda zai yi da ita. Na ga mutanen da suka kafa mata ginshiƙi mai kauri, ko suka bar ta da bango sumul, suna mamakin me ya sa take zubewa ƙasa. Waya take buƙata, ko igiya, ko raga, abin da bai wuce kaurin fensir ba. A farkon tashinta kuma sai an taimaka an ɗaure ta da zare mai laushi, a hankali, don karanta na da gautsi.

Nakan tuna wannan duk lokacin da na ga an kai yarinya babban gida. Ba maigida take fara kamawa ba, ba kuma sunan gidan ba, waɗannan sun yi wa hannunta kauri. Ƙanwar miji ce da ke shigowa taya ta hira, ko facalar da ta nuna mata inda ake shanya, ko yaron gidan da ba ya ƙin aike. In babu irin waɗannan sirara, komai girman gidan a ƙasa za ta zauna. Ni da na zo nan, wayar da na kama wata 'yar Zariya ce da ta raka ni sau biyu ta nuna min motar da ke zuwa kasuwa.

Sai maganar haƙuri, wanda Goggo ta fara roƙo. Shekarar farko kilematis kusan ba ta yin abin da ido zai gani, duk aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ta biyu ta ɗan miƙe. Sai a ta uku take nuna ko ita wace ce. Abin da ake nema daga gare ka a tsakani shi ne ruwa, cikakken bokiti duk mako in an yi kwanaki ba a yi ruwan sama ba, ba yayyafin da zai jiƙa fuskar ƙasa kawai ba. Akwai kuma abu mai wuya: a Fabrairu ko Maris na farko bayan dashe, ana so ka yanke ta ka bar kamar santimita 30, a saman toho biyu masu ƙarfi. Ka sayi abu don fure, ga shi ana cewa ka yanke furen bana da hannunka. Amma in ba a yi ba, haka za ta tashi da ƙafa ɗaya tsirara, ganye can a ƙoli kamar giginya. In an yi, kara uku ko huɗu ne za su fito daga gindi. Mutanenmu fa akwai ƙirga wa amarya watanni. Wata shida an fara cewa har yanzu shiru, ba ta da sakin fuska, girkinta ba irin namu ba. A wurina wannan daidai yake da mai tone shuka duk mako ya ga ko ta yi saiwa.

Babban abin da ke raba masu kilematis da furensu almakashi ne, kuma a nan maganar asali ta shigo. Iyayenmu ba sa karɓo 'ya sai sun yi bincike, 'yar wane gida ce, yaya suke renon nasu. Ba raini ba ne. Abin da yake gata a wani gida, a wani gidan cuta ne. To kilematis gida uku ce. Na farko masu fure da wuri, daga ƙarshen sanyi zuwa Mayu, irin su montana da alpina da armandii. A kan reshen bara suke fure, don haka ba a taɓa su sai sun gama, shi ma in sun yi yawa ne. Na biyu masu manyan furanni irin 'Nelly Moser' da 'The President', da ke yi a Mayu da Yuni sannan su ƙara wani zubi wajen ƙarshen Agusta. Su ragewa kawai ake yi a Fabrairu, a bi kara daga sama a cire busasshe har inda aka tarar da toho mai rai. Na uku ba sa fure sai daga Yuli, a kan reshen bana zalla, kuma su ne ake datsewa gaba ɗaya duk shekara kafin su farka, a bar abin da bai kai gwiwa ba. Ko wacce za a yanka a sa safar hannu, don ruwan jikinta yana sa fata ƙaiƙayi da zafi, kada kuma a bar yara ko kyanwa su tauna.

A shingen bayan gidanmu akwai wata tsohuwar kilematis da muka tarar, ba suna ba takarda. Wani Fabrairu na ga maƙwabciyata ta datse tata, na ɗauko almakashi na yi wa tawa haka, don busasshen kara duk iri ɗaya ne a ido. Ashe kama da wane ba ta wane. Tata 'Jackmanii' ce, 'yar gida na uku. Tawa montana ce, jinin duwatsun Himalaya, wadda Lady Amherst ta kawo Ingila a 1831, kuma duk furen da ta yi shekara tana tanadi yana jikin rassan da na cusa a kwandon shara. Mayu ya zo, shingayen unguwa suka yi fari, nawa kore shar. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin ba da mugunta na yi ba, tambaya ce ban yi ba. Wanda ya gaji wadda bai san sunanta ba, ya ajiye almakashi ya zauna da ita shekara guda, ya rubuta watan da ta yi fure. Watan zai gaya masa gidansu.

Ita 'Jackmanii' ɗin ma 'yar auren nesa ce. A 1850 Robert Fortune ya kawo wata mai manyan furanni daga ƙasar Sin, ana ce mata lanuginosa. A 1858 gidan renon shuke-shuke na George Jackman da ke Woking, kudu maso yamma da Landan, ya haɗa ta da jinin viticella, 'yar kudancin Turai da ta shigo Ingila tun ƙarni na 16. 'Yar da aka samu ta yi furen farko a 1862. Ta ɗauko girman fure daga dangin Sin, ta ɗauko juriya daga na Turai, kuma yau sama da shekara 160 ba a daina sayar da ita ba.

Ranar da dattijuwar ta ce zan gode ta zo a shekara ta uku. 'Nelly Moser' ta cika da ƙunshin fure, saura kwanaki su buɗe. Na fito da safe na tarar ta langaɓe daga sama har ƙasa, ganye ya yi yaushi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, kafin kwana biyu ya yi baƙi. Ga ƙasa da laima, ba ƙishi ba ne. Sanannen ciwo ne a wurin masu ita. Wata fumfuna ce, masana na kiranta Calophoma clematidina, takan shiga ta ganye ko ta inda kara ya ji rauni, ta ruɓar da shi ta toshe hanyar ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: iska ta kaɗa karan da ba a ɗaure ba, ko fartanya ta goge shi, ko dodon koɗi ya kankare ɓawonsa da dare. Sau da yawa ma babu fumfunar, waɗannan kaɗai sun isa su kwantar da ita.

Ni yaji nake kiran wannan. Mace ta yi yaji ba aure ne ya mutu ba. Mai hankali ba ya jawo takarda da alƙalami, biko yake tafiya, ya kuma binciki abin da ya fitar da ita, wanda galibi ƙaramin abu ne da aka daɗe ana yi mata ba a lura ba. Kuskuren da aka fi yi da kilematis shi ne a ga ta yi baƙi a tone ta a jefar. Bikonta kuwa ba wuya. A yanke karan har inda yake da lafiya, ko da sai an ɗan tona ƙasa. A kwashe ganyen da ya zube, kada a haɗa shi da takin gida. A goge almakashi. Sannan a ci gaba da ba wa gurbin ruwa kamar tana nan, domin tana nan ɗin. Ciwon bai cika taɓa saiwa ba, kuma gaɓoɓin nan da aka binne ranar dashe, daga jikinsu sabon toho yake ɓullowa. Tawa ta dawo bayan mako shida da kara uku. Wata takan kai shekara. Ai abin da ke dawo da mai yaji ba gado da kwanuka ba ne, abin da ta binne a gidan ne: 'ya'ya, da shaƙuwa, da surukar da ta riƙe ta da mutunci tun ranar farko.

Ciwon nan masu manyan furanni ya fi kamawa, har a ƙarshen ƙarni na 19 ya kusa kashe kasuwarsu a Turai. Jinin viticella da wuya ya taɓa su. Don haka duk wadda ta tambaye ni da wacce za ta fara, ba na nuna mata mai furen nan kamar kwano, komai kyanta a shago. Nakan ce ta nemi 'Étoile Violette', ko 'Polish Spirit' wadda wani malamin coci mai suna Stefan Franczak ya fitar a wani lambu da ke Warsaw, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan shuka har ya rasu a 2009. Furensu matsakaici ne, amma suna yinsa tuli daga Yuli har Satumba, yankansu kuma ba ruɗani.

Su ne ma suka iya zama da abokiyar zama. Turawa na son haɗa su da wardi mai hawa bango, kuma haɗin na yin kyau, don kowacce da ranar girkinta: wardi ya yi nasa a Yuni, yana sauka ita ta karɓa. Sharaɗin dai a raba musu gindi da kamar rabin mita, kowacce da ruwanta da takinta. Montana ce ba a haɗa ta da kowa, don takan kai mita 10, ta danne duk abin da ta hau.

Na san kwatancin nan yana da iyaka. Amarya mutum ce, ba a gyara ta da almakashi, tana kuma da bakin faɗin abin da ke damunta. Sai dai kunya kan ɗaure bakin nan shekara guda cur, kuma a wannan shekarar ita da shukar hanya ɗaya ake gane halin da suke ciki, wato a riƙa leƙawa kullum ana dubawa.

'Yan'uwa in sun ga hotonta a waya sukan ce in taho musu da iri. Nakan ce a'a. Waɗannan na lambu sun saba da watannin sanyi da suke kwanciya su huta, kuma zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, da ke haura digiri 40, dafa musu saiwa zai yi. Kai su can aurar da yarinya ne inda aka san ba za ta iya zama ba. Tana dai da 'yar'uwa ta daji a wajenmu, Clematis hirsuta, da ke hawa itatuwa a dazukan Afirka ta Yamma har da Najeriya, mai ƙananan furanni farare, in ta yi 'ya'ya su fito da gashi buzu-buzu kamar gemun tsoho.

'Yar'uwa da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe masu sanyi, in kina da ɗan fili a bayan gida kuma ranki ya biya, ki saya a Satumba ko Oktoba, ko a Maris da Afrilu, lokacin da ƙasa ke da laima. A shago kada fure ya ɗauke miki ido. Ki duba gindi, ki zaɓi mai kara biyu ko uku, ki ɗaga tukunyar ki ga saiwa ta leƙo ta ƙasa. Ki adana 'yar takardar sunanta inda ba za ta ɓata ba. Kuma ko ta yi baƙi ƙirin ta kwanta, don Allah kada ki tone ta sai ta cika shekara uku a gidanki.